Sai an zubar da jini kafin a zama ɗan ƙasa?

A wani ɗan yanki na ƙasar Suwizalan da ake kira Appenzell Innerrhoden, har gobe a fili ake yin zaɓe. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen watan Afrilu, jama'a kan taru a dandalin gari, a karanto magana, masu goyon baya su ɗaga hannu. Shekaru aru-aru, abin da mutum kan nuna a bakin dandalin kafin a bar shi ya shiga shi ne takobinsa. Idan kana rataye da takobi, kai mai kare ƙasa ne, kana da bakin magana. Mace ba ta da takobi, saboda haka iyakarta ta leƙo ta taga ta ga maza suna yanke mata hukunci. Matan Suwizalan ba su sami ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1971, na wannan yanki kuwa sai da kotun tarayya ta tilasta a 1990.

Takobin nan ya tona asirin wani tsohon ciniki da ke tsakanin mutum da hukuma: ka ba ni jininka, in ba ka murya. Rumawa ma haka suka yi. Baƙon da ba Barume ba, idan ya yi shekara 25 yana yi musu aikin soja, sai a sallame shi da wani ɗan allon tagulla da aka zana sunansa, shaidar cewa daga yau shi da 'ya'yansa 'yan ƙasa ne. Da Faransa ta yi juyin juya hali, a 1793 ta kira samarinta kaf su ɗauki makami, tun daga nan tunanin cewa soja shi ne cikakken ɗan ƙasa ya bazu a duniya. Shi ya sa duk wanda aka mayar saniyar ware, bawa ne ko baƙar fata ko talakan mulkin mallaka ko mace, yakan dubi ƙofar bariki ya ce, ga hanya.

Ni ina goyon bayan a buɗe wannan ƙofa ga kowa, mace da namiji, mai rinjaye da marar rinjaye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cinikin kansa. Duk inda na bi tarihinsa, mai sayarwa ne ke kwana ciki.

Mu fara da lokacin da ake buɗe ƙofar. Ban san wata gwamnati da ta wayi gari cikin zaman lafiya, sojojinta sun ishe ta, sannan tausayi ya kama ta ta ce a kira waɗanda aka ware su zo su sa kaki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yaƙin basasar Amurka, sai da aka sha wuya aka ga maza suna ƙarewa, a 1863, sannan aka buɗe wa baƙar fata ƙofa sosai. Kusan 180,000 suka shiga rundunar Arewa. Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya yi ta yawo yana kiran samari su shiga, har 'ya'yansa biyu suka sa hannu, don ya yi imani wanda ya ɗauki bindigar ƙasa ba mai iya hana shi zama ɗan ƙasa. Da aka zo biyan albashi, farar fata dala 13 a wata, baƙar fata dala 10, a cikin goman ma a cire 3 kuɗin kaki. Sojojin runduna ta 54 ta Massachusetts suka ce ba su karɓa, suka yi sama da shekara suna yaƙi ba albashi, har aka daidaita a 1864.

Tarayyar Sobiyet ta sa mata wajen 800,000 a aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, wasu maharba, wasu direbobin tankar yaƙi, wasu matuƙan jirage masu kai hari cikin dare. Ba wani taron kare haƙƙin mata da ya jawo haka, miliyoyin maza ne suka faɗi a watannin farko na mamayar Jamus. Amurka kuma, yawan mata a rundunarta bai fara hawa da gaske ba sai bayan 1973, da aka daina ɗaukar soja na dole, aka rasa isassun samari masu zuwa da ƙafarsu. Kafin 1967 doka ce ma ta ce mata kada su wuce kashi 2 cikin 100 na rundunar.

To, an shiga, an yi yaƙi, an dawo. Sai maganar biya.

Ranar 12 ga Fabrairun 1946 aka sallami Saje Isaac Woodard, wani sojan Amurka baƙar fata, daga wani bariki a jihar Jojiya. Ya yi sama da shekara uku a soja, ya je har yankin tekun Pasifik. Ya hau motar haya zai koma wurin iyalinsa, kakinsa na jikinsa. A hanya ya roƙi direba ya tsaya zai kewaya, suka ɗan yi cacar baki. Da aka isa wani gari a Karolina ta Kudu, direba ya kira 'yan sanda. Suka sauke shi, suka yi ta jibgarsa da kulki, har da zungurar idanu. Da gari ya waye a ɗakin tsaro, ba ya ganin komai, kuma bai sake gani ba har ya mutu. Aka gurfanar da shugaban 'yan sandan garin, masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farar fata, ba su yi rabin awa ba suka wanke shi. Mutumin da harsashin Japan bai taɓa ba, awanni kaɗan bayan sallama ƙasarsa ta karɓe masa idanu.

Can wajen birnin Dakar kuwa akwai wani sansani da ake kira Thiaroye. A ƙarshen 1944 aka sauke sojojin Afirka ta Yamma sama da dubu a wurin, mutanen da suka yi wa Faransa yaƙi, Jamusawa suka kama su suka tsare shekaru huɗu. Abin da suka nema bai wuce bashin albashinsu da kuɗin sallama ba, suka ce ba za su watse zuwa garuruwansu ba sai an biya. Da safiyar 1 ga Disamba aka tara su a fili, aka buɗe musu wuta. Hukumomin soja suka rubuta mutum 35, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira aka kai su kotun soja aka ɗaure su da laifin bore. Sai a 2024, shekara 80 cif, wani shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi aka yi. Sauran 'yan mazan jiyan kuma, a 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu a kan kuɗin wancan lokaci, ta yadda abokin yaƙinsu Bafaranshe yana karɓar ninkin-ba-ninkin abin da suke karɓa, alhali rami ɗaya suka kwanta.

An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Haka aka yi wa sojojin Filifin da suka yi yaƙi ƙarƙashin tutar Amurka: an yi musu alkawarin haƙƙin tsohon soja, a 1946 majalisar Amurka ta soke, sai a 2009 aka ba waɗanda suka rage ɗan abin da ya samu.

Akan ce yaƙi ne ya ba matan Birtaniya ƙuri'a. Da gaskiya a ciki, amma a dubi yadda aka raba. Dokar 1918 ta ba sojan da ya je fagen daga ƙuri'a tun yana shekara 19, sauran maza 21. Mata kuwa sai wadda ta kai 30, kuma ita ko mijinta suna da abin hannu. 'Yan matan da suka yi ta cusa albarushi a masana'antu har fatarsu ta koma rawaya saboda guba, mafi yawansu ba su kai talatin ba. Wato waɗanda aka ce don su aka yi, su aka bari a waje, sai 1928 aka daidaita. Ita wannan doka kuma ta hana ƙuri'a na shekara biyar ga mazan da suka ƙi zuwa yaƙi saboda aƙidarsu, wanda ke nuna cewa cinikin yana da kaifi biyu. Matan Sobiyet da suka dawo da lambobin yabo, nan da nan aka sallame su aka ce su koma gida su haifa wa ƙasa 'ya'ya, da yawansu ma suka riƙa ɓoye cewa sun je, saboda tsegumin da ake yi wa macen da ta zauna cikin maza a filin daga. Matan Aljeriya sun ɗauki bam da saƙonni a yaƙin neman 'yanci, an kama su an azabtar da su, a 1984 aka yi dokar iyali da tsofaffin mayaƙan nan mata suka fito titi suna adawa da ita.

Yanzu wani zai ce mini, kai malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ai a ƙarshe an samu. Bayan yaƙin basasa aka gyara tsarin mulkin Amurka a 1868 da 1870, baƙar fata suka zama 'yan ƙasa masu ƙuri'a, ko da a takarda ne. 'Yan asalin ƙasar, wato jajayen Indiyawa, an ba su zama 'yan ƙasa a 1924 bayan dubbansu sun je Yaƙin Duniya na Ɗaya. Labarin Woodard ya girgiza Shugaba Truman, kuma a watan Yulin 1948 ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar soja, shekaru kafin makarantu da motocin haya su bi sahu. Rundunar da ta taɓa hana baƙar fata cin abinci tare da farar fata, ita ce ta ɗora Colin Powell, baƙar fata, a kan dukkan hafsoshinta a 1989. A 1971 aka sauke shekarun zaɓe zuwa 18, saboda an kasa amsa tambayar samarin da ake turawa Biyetnam: mun isa mutuwa amma ba mu isa zaɓe ba?

Duk na yarda. Amma a lura da inda ribar ta fito. Godiyar gwamnati ba ta kawo ta ba. Abin da ya faru shi ne, mutumin da ya ga Bature yana kuka a rami, ya ga yana gudu, ya ga jininsa ja ne kamar na kowa, ba ya dawowa gida ya ci gaba da durƙusa masa kamar da. Ranar 28 ga Fabrairun 1948, 'yan mazan jiyan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da yawansu sun yi yaƙin Bama, suka jeru za su kai wa gwamna takardar koke a Akara a kan fansho da aikin yi da aka yi musu alkawari. Aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya rikice, kuma shekara tara bayan nan Ghana ta sami 'yanci. Medgar Evers, baƙar fatar Amurka, ya yi yaƙi a Faransa, ya dawo Misisipi aka tare shi da bindiga a hanyar rumfar zaɓe, ya shiga gwagwarmaya har aka kashe shi a ƙofar gidansa a 1963. Kaki ya cire musu tsoro, ya koya musu tsari da haɗa kai. Haƙƙin kuwa sai da suka sake wani yaƙin a gida kafin su ƙwato shi. Sun biya sau biyu ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba a cika faɗa ba. Wa ake tambaya ya nuna shaidar kishin ƙasa? Ɗan masu rinjaye ana haihuwarsa da takardarsa a hannu. Ko bai taɓa ganin bariki ba, ko ya yi dabara ya kauce wa kiran soja, ba wanda zai ce masa kai ba ɗan nan ba ne. Ɗan tsiraru ne kullum ake cewa ya kawo hujja. Samarin Amurka 'yan asalin Japan sun shiga runduna ta 442, suka yi yaƙi a Italiya da Faransa, suka kwashi lambobin yabo fiye da kusan kowace runduna mai girmansu, a daidai lokacin da mutanensu wajen 120,000 ke tsare a sansanoni bayan waya mai ƙaya. Akan ba da labarin nan da alfahari. Ni kunya nake ji idan na karanta shi, don ma'anarsa yaro ya je ya mutu ne domin a yarda uwarsa ba maci amana ba ce. 'Yan Duruz na Isra'ila tsiraru ne masu addininsu daban, tun 1956 ake ɗaukar mazansu aikin soja na dole, a 2018 aka yi dokar da ta ce 'yancin yanke makomar ƙasar na Yahudawa ne kaɗai, dubbansu suka cika dandali a Tel Abib, tsofaffin hafsoshi a gaba.

Kuma idan jini ne kuɗin shiga, ina makaho, ina gurgu, ina wanda asma ta hana shi gudu? Ina malamar makaranta da likitan da ya mutu a bakin aiki lokacin annoba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata 287,000 suka mutu a sanadin ciki da haihuwa. Kowane soja da ke tsaye a fareti, wata ce ta shiga wannan haɗari kafin a same shi, kuma ban taɓa jin an buga mata badujala ba. Idan lissafin jini za a yi, mata sun daɗe da biyan nasu. Shi ya sa nake ganin masu cewa "a bar mata su shiga soja don su zama cikakkun 'yan ƙasa" sun karɓi dokar takobin Appenzell ba su sani ba. A bar su su shiga domin tun farko 'yan ƙasa ne, kuma rundunar tasu ce, da harajinsu ake saya mata takalma.

Wannan ya kawo mu ga gardamar da ake yi yau, wadda ta fi zafi a kan mata a bakin daga. Amurka ta bar mata su tuƙa jiragen yaƙi a 1993, ta ɗage haramcin yaƙin ƙasa a 2013, ta buɗe dukkan guraben a ƙarshen 2015. A watan Agustan shekarar mata biyu suka gama horon Ranger, wani horon soja mai tsananin wuya wanda maza da yawa kan faɗi. Masu adawa suna cewa a jimlace namiji ya fi ƙarfin ɗaukar kaya da gudu da shi, kuma mata sun fi samun rauni a ƙashi lokacin horo. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma musun sa ba ya taimakon kowa. Sai dai ba jimla ake ɗauka aiki ba, mutum ɗaya ake ɗauka. Idan aikin yana bukatar ka ja abokinka da ya ji rauni da kayansa duka ka fitar da shi daga wuta, a sa wannan gwaji, kowa ya zo ya gwada. Wadda ta iya ta wuce, wanda ya kasa ya koma, ko gemunsa ya kai ƙirji. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a sassauta gwajin don adadi ya yi kyau a rahoto, domin harsashi ba ya karanta rahoto, kuma macen da ta ci da ƙarfinta ita za a fara yi wa kallon 'yar alfarma. Ga shi kuma yawancin aikin soja na zamani ya koma kan na'ura, jirage marasa matuƙa, sadarwa, leƙen asiri, jinya da jigilar kaya, inda damtse ba shi ne kan gaba ba.

Abin da ya fi kamata masu kishin mata su sa wa ido, a ganina, yana cikin bariki. Mace ta sa kaki ta shirya wa abokin gaba, sai ta tarar wanda za ta yi tsaro da shi yana ɗaki na kusa, wani lokaci ma shi ne mai sa hannu a takardar ƙarin girmanta. Shekara da shekaru a Amurka, kwamanda ne ke yanke shawarar ko a gurfanar da wanda ake zargi da fyaɗe a cikin rundunarsa, sai a ƙarshen 2023 aka karɓe wannan iko aka ba lauyoyi masu cin gashin kansu, bayan kisan wata matashiyar soja, Vanessa Guillén, a 2020 ya tayar da ƙura. Rundunar da ta buɗe ƙofa ba ta gyara wannan ba, tarko ta ɗana.

Maganar aikin soja na dole kuwa, nan ne gaskiyar kowa ke fitowa. A 1981 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba laifi maza kaɗai su yi rajistar kiran soja, tunda mata ba sa zuwa bakin daga. Hujjar ta rushe tun 2015, dokar tana nan. Norwe ta fara kiran mata da maza daidai wa daida daga 2015, Swidin ta bi a 2017, Denmak a 2025. Ni dai ba masoyin tilas ba ne, na fi son ƙasa ta shawo kan 'ya'yanta su zo da kansu. Amma idan har za a yi tilas, ban ga dalilin da zai sa nauyin ya hau kan jinsi ɗaya ba, kamar yadda ban ga dalilin da zai sa ya hau kan talaka kaɗai ba. A lura kuma ƙasashen nan uku sai da suka daɗe da ba mata ƙuri'a da kujerun majalisa da hutun haihuwa kafin su miƙa musu bindiga. Haƙƙi ya riga, nauyi ya biyo baya. Inda aka juya tsarin, kamar Iritiriya, wadda kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan 'yancinta mata ne, yau matasa maza da mata suna tsallake iyaka suna gudun bautar ƙasa da ba ta da ranar ƙarewa.

Kuma kada a ɗauka cinikin ya zama tarihi. Cikin sojojin Amurka na farko da suka mutu a Iraƙi a watan Maris na 2003 akwai José Gutiérrez, maraya daga Gwatamala wanda ya shigo ƙasar ba takarda. An ba shi zama ɗan ƙasa bayan ya mutu. Faransa tana da doka tun 1999 da ke ba sojan rundunar baƙi takardar ƙasa idan ya ji rauni a fagen daga, sunanta ma "Bafaranshe ta hanyar jinin da aka zubar". A farkon 2024 Rasha ta sauƙaƙa ba da fasfo ga baƙon da ya sa hannu a kwangilar shekara ɗaya lokacin yaƙin Yukiren, samari daga Nepal da Kuba da ƙasashen Afirka suka yi ta tafiya, wasu ma da sunan aikin masana'anta aka yaudare su. Allon tagullar Rumawa ne aka sake bugawa da roba.

A watan Afrilun 2023 wasu tsofaffi tara suka sauka a filin jirgin Dakar, ƙaraminsu yana da shekara 85, babbansu 96, ƙirjinsu cike da lambobi. Sun yi wa Faransa yaƙi a Indocina da Aljeriya. Shekaru da dama suna zaune a 'yan ƙananan ɗakuna a gefen Faris, nesa da matansu da jikokinsu, saboda doka ta ce duk wanda bai yi wata shida a Faransa cikin shekara ba, za a yanke masa alawus ɗin tsufa. A watan Janairun shekarar aka ɗage musu sharaɗin. Wasunsu a keken guragu aka turo su daga jirgi.